Sunan da Ruwa Bai Ci Ba

Walikoira, ta hannun gidan waya na Tilaberi
9 ga Satumba, 1967

Zuwa ga taubashiyata, Hajiya Bibata, a Zangon Kumasi.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ɗan'uwansa a ido ba, ina kuma tambayar lafiyarki da ta 'yarki Zalika, da yadda cinikin goro yake bana. Mu nan lafiya, in ban da gwiwata ta hagu wadda ta riga ni tsufa. Gero ya yi kai, shinkafar fadama kuwa ruwa ya shanye ta.

Shekara talatin da ɗaya ke nan rabonki da garin nan, saboda haka zan shimfiɗa miki al'amarin tun daga tushe.

Maƙabartarmu ta bakin kogi ta girmi masallacin Juma'a, ta girmi kasuwa. Gidaje huɗu ne suka kafa ta, kowanne da gefensa da alamarsa. Gidan Maiga, gidan kakanmu, suna kwance a kan tudu ƙarƙashin farin dutse. Malamai suna damansu, ba sa ɗora komai sai ƙayar magarya saboda kura. Sorkawa masunta suna kafa guntun filafilin jirgi, maƙera kuma su ajiye dunƙulen tama. Daga nan sai jerin goriba goma sha uku. Tsakanin goriba da gaɓar kogi akwai kabari sittin da biyu, da kaina na ƙirga. Can ake kai waɗanda aka kawo garin nan ba da son ransu ba, wato bayi da 'ya'yansu. Alamar kowannensu kayan aikinsa ne: tsohon turmi, fasasshen tulu, dutsen niƙa.

Bana jan ruwan damina ya ci gaɓar nan, ya tafi da kabari shida. Kin kuwa san halin koginmu. Jan ruwa mai surutu ne, ya yi fushinsa ya wuce. Baƙin ruwa shi ne abin tsoro, wanda yake isowa da sanyi daga ƙasashen yamma, ba hadari ba tsawa, mutum ya tashi da safe ya tarar da shi a inda ya ɗaure akuyarsa jiya.

Maigari ya yarda a tone waɗanda suka rage a mayar da su tudun arewa, amma bisa ƙa'idar kakanni. Kabarin namiji, ɗansa ko jikansa ne zai tsaya ya kira shi. Kabarin mace kuwa ba a buɗe shi sai 'yarta, ko 'yar 'yarta, ta tsaya a kansa ta kira sunanta da sunan uwar da ta haife ta, da murya, jama'a suna ji.

Kakarmu Dommo tana ƙasan goriba, taku goma sha biyu daga gaɓa. Ni ɗan ɗanta ne, ba a ba maza sunan uwarta. Ke ce 'yar 'yarta, na kuma san mahaifiyarki, Gwaggo Gambi, ba ta bar duniya da sunan nan a cikinta ba. Ba mai shi sai ke.

Ina roƙonki ki zo kafin baƙin ruwa.

Naki,
Sumana Tinni, tsohon malamin makaranta


Zangon Kumasi
6 ga Oktoba, 1967

Zuwa ga Sumana mai kunnen tulu.

Gaisuwa da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ai alhakina ne ya kama ta. Mu lafiya ƙalau, goro ya yi arha, ruwa bai ɗauke ba har yau.

Wasiƙarka ta iso ranar taron matan ƙasarmu, waɗanda suka naɗa ni shugabarsu shekara takwas ke nan. Na miƙa wa malaminmu Alfa Yakuba ya karanta mana a zaure, kowa ta ji labarin gida. Shi ne kuma yake rubuta maka wannan, yana gaishe ka. To, an sha dariya. Hajiya Kadi har ta ƙware da goro, sai da aka bubbuga mata baya.

Tun muna yara kake kirana baiwarka don kai ɗan namiji ne ni 'yar mace, kana hana ni dambun kifi sai na ɗauko maka takalmi. Na ce wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. Ashe tsufa bai rage maka komai ba, yanzu har da ƙago kabari da goriba goma sha uku. Wane aiki ne ya kai ka ƙirga goriba? Na gaya wa matan nan haka kake tun fil azal, kai ne ka taɓa aiko mini cewa kada ya cinye jakinka don in aiko da kuɗin wani.

Kakata tana kan tudu ƙarƙashin farin dutse, kusa da mijinta, kowa a Zangon nan ya san ni jikar Maiga ce. In kewata kake yi ka faɗa, ba sai ka tayar da matattu ba.

Ga ƙwaryar goro nan da turmin atamfa ga mai ɗakinka. Ka rage zama cikin rana.

Uwar gijiyarka, ko ka ƙi ko ka so,
Bibata


Walikoira
5 ga Nuwamba, 1967

Zuwa ga Hajiya Bibata.

Bayan gaisuwa. Goro da atamfa sun iso, mai ɗakina tana godiya. An gama yankan gero. Lafiyata tana nan yadda take.

Na karanta wasiƙarki sau uku ina neman wurin da dariyar ta ƙare, ban samu ba. Kin san ban taɓa yin wasa da kabari ba. Tun da kin ce ƙage ne, bari in gaya miki abin da idona ya gani, kina da shekara shida a lokacin, ni ina da sha biyu.

An kawo Dommo daga ƙasar Gurma tana yarinya, ba ta ko gama famfara ba. Ta yi wa gidan Maiga niƙa har ta girma, kakanmu ya ɗauke ta, ta haifa masa babana Tinni da mahaifiyarki Gambi. Ta rasu shekarar babbar yunwa. Babana ya nemi a kai ta tudu, tun da haihuwa ta 'yanta ta. Dattawa suka ce haihuwa ta 'yanta ta a cikin gida, amma ƙasa ba ta san da wannan ba. Bai yi gardama ba. Ya shiga madafa ya ɗauko dutsen niƙanta, ya ɗora a kansa, shi ɗan gidan sarauta, ya ratsa tsakiyar gari da shi. Duk wanda ya gamu da shi sai ya sunkuyar da kai. Dutsen ya lotse a tsakiya kamar akushi. Yana nan inda ya kife shi.

Na tara jama'a bayan sallar Juma'a na ce duk mai nasa a ƙasan goriba ya miƙe. Mutum uku suka miƙe, cikinsu har da Saini mai haƙan kabari. Sauran suka zuba wa yatsun ƙafarsu ido, alhali ba gida biyar a garin nan da ba su da jini a wurin. Wani daga gidan malamai ya ce, "Malam Sumana, a bar kaza cikin gashinta." Na ce masa kazar tana cikin ruwa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kullum bayan azahar, lokacin da gari ya yi tsit, nakan je in auna gaɓa da sandata. Ranar Talatar da ta wuce ina tsaye sai na ji niƙa. A hankali, irin na mai niƙa gero jiƙaƙƙe, a tura a jawo, a tura a jawo. Ba gida kusa da wurin, ba kowa sai ni da balbelu. Shekara talatin ina koya wa yara cewa kowace ƙara tana da dalilinta, don haka na ce wa kaina ruwa ne yake shiga ƙarƙashin gaɓa yana juya tsakuwa. Na yarda da wannan bayani har zuwa lokacin da niƙan ya tsaya, aka yi ɗan tari sau biyu, sannan aka ci gaba. Kin tuna tarinta? Ruwa ba ya tari, Bibata.

Saura taku bakwai. Ba zan sake kiranki da sunan wasan nan ba har abada, ya fita daga bakina. Amma ki zo.

Sumana


Walikoira
14 ga Disamba, 1967

Zuwa ga Hajiya Bibata.

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadarmu.

Kwana talatin da tara ke nan da aika wasiƙata, ban ji daga gare ki ba. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai na aika a duba. Na ɗauki shirun nan a matsayin amsa, ban kuma riƙe ki a zuciya ba.

Baƙin ruwa ya iso ranar Lahadi. Jiya na kasa haƙuri, na kira Saini ya zo da daginsa. Na tsaya a kan kabarin na ce, Dommo uwar Tinni, Dommo uwar Gambi, mun zo mu ɗauke ki. Na juya na ce masa bismilla. Sai ya jingine dagin a jikin goriba.

Ya ce, "Malam, rabin suna ka kira. In rabinta ya taso rabi ya zauna, wanne zan naɗe a likkafani?"

Na ce masa wannan ƙa'ida ba ta cikin littafi, shi ma ya sani. Ya ce ya sani, amma ita kaɗai ce abin da aka bar wa mutanen ƙasan goriba. An raba su da garinsu da harshensu, sunan uwa ne kawai suka ɓoye suka ba 'ya'yansu mata. Ya ce shi ɗan ƙasan goriba bai taɓa karya ta ba, ba kuwa zai fara don jikan tudu yana gaggawa ba. Muka zauna tare har la'asar, muna kallon ruwa yana lasar ƙasa.

Kafin mu tashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai ma kana ji, ko?"

Saura taku biyu.

Sumana


Zangon Kumasi
11 ga Disamba, 1967

Yaya Sumana.

Ina gaishe ka da azumi. Zalika ce take rubuta wannan, mu biyu ne a ɗaki, ƙofa a rufe. Wasiƙarka ta Nuwamba sai jiya ta shigo hannuna, ta yi wata guda a aljihun wani falke da zazzaɓi ya kwantar a Tamale.

Kai mai ilmi ne, amma wallahi wani lokaci jaki ya fi ka lissafi. Ka manta ban iya karatu ba? Ka zauna ka rubuta asirin gidanmu tsaf, ka aiko wa macen da sai an karanta mata. Da Alfa ya kai wurin ƙasan goriba, mata goma sha ɗaya suka juyo suna kallona. A nan ana tambayar asali kafin a tambayi suna. Ni na fara dariyar, don ita ce zanen da na samu na rufe jikina da shi. Amsar da na aiko maka kuwa a gabansu na faɗe ta, da bakin Alfa. Me kake so in ce?

Ban manta komai ba. Na tuna tarin kakarmu. Na tuna hannunta mai kaushi, da yadda take ɗebo mini gari a tafin hannu in lasa. Ranar da za a kai ni ɗakin miji, Inna tana wanke mini lalle, ta sa baki a kunnena ta faɗa mini sunan. Ta ce, wannan namu ne, kada ki ba namiji, kada kuma ki mutu da shi. Sunan ba na ƙasarmu ba ne, duk wanda ya ji shi ya san daga inda muka fito. Shekara arba'in yana cikina kamar ƙayar kifi. Tun ranar da aka karanta wasiƙarka, in yaran gidan nan suka fara niƙan barkono sai in fita in bar musu gidan.

Yau na gaya wa Zalika gaskiya. Ta ajiye alƙalami, ta ce, to Inna mene ne sunan? Na ce sai a bakin kabari.

Za mu shiga motar goro ranar Asabar. Ka gaya wa kakarmu ina hanya.

Ƙanwarka,
Bibata


Walikoira
10 ga Janairu, 1968

Zuwa ga dukan 'ya'yan Walikoira, maza da mata, mazauna Kumasi da Ankara da duk inda wannan takarda ta kai. Alfa Yakuba zai karanta ta a zauren Hajiya Bibata, da izininta, domin ita za ta taho muku da takardar, ita ce ma ta ce a tara matan da suka ji ta farko.

Ina gaishe ku, ina yi muku barka da Salla. Garinku lafiya, ruwa ya fara ja da baya.

Kun ji labarin maƙabartar bakin kogi, an kuma gaya muku wasan taubasai ne. Ba wasa ba ne. Ga abin da ya faru.

Ranar Laraba, ashirin ga Disamba, da hantsi, gaɓa ta tsage daga gindin goriba ta farko. Ba ta yi ƙara ba. Ƙasa ta sulale ta shiga ruwa kamar yadda ake sauke gawa, da kabarin kakarmu Dommo da dutsen niƙanta. Sorkawa sun yi nutso har azahar ba su sami komai ba.

Hajiya Bibata ta iso ranar Juma'a, ita da Zalika, ƙafafunta a kumbure saboda kwana shida a mota, da azumi a bakinta. Wasiƙar da ta aiko cewa tana tafe sai bayan Salla ta same ni. Na tare ta a bakin hanya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, tsohon banza, haka ka lalace?" Na ce mata an makara, shekaranjiya ruwa ya ɗauke ta. Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce in kai ta.

An fito daga masallaci ke nan, saboda haka rabin gari ya biyo mu. Ta ratsa ta tudu, ta wuce fararen duwatsun gidan Maiga ba ta ko waiwaya ba, ta bi ta tsakanin goriba, ta tsaya a inda ƙasa ta ƙare. Saini ya ce mata a hankali babu abin tonowa, ba sai ta kira ba. Ta ce ba don shi ta zo ba.

Ta fuskanci ruwa ta ce, "Dommo 'yar Folpowa." Sau uku, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Sannan ta ce, "Ni ce Bibata 'yar Gambi, 'yar Dommo. Na zo, na makara, ki yafe mini." Ta juya ga Zalika ta ce, "Kin ji? To riƙe."

Shekara sittin da biyar ina duniya, ranar na fara jin sunan uwar kakata.

Ba wanda ya motsa. Can sai tsohuwa Lamisi, matar ladan, wadda duk garin nan aka san ta da cewa daga gidan malamai take, ta fito daga cikin mata tana dogara sanda. Ta je ta tsaya kan wani fasasshen tulu ta kira suna biyu. Wata ta bi bayanta. Kafin la'asar kabari tara sun sami masu kiransu, Saini yana haƙa yana share ido da gefen riga.

A sabon wurin, maigari ya ce a shuka itace don shaidar iyaka kamar da. Saini ya ce zai shuka, in maigari zai nuna masa wurin da ruwa ya tsaya ya tambayi wane ne ɗa wane ne bawa. Aka yi dariya, maigari ma ya yi, maganar ta mutu a nan. Babu goriba a tudun arewa.

Tun ranar nan ban sake jin niƙa ba. Na koma sau huɗu bayan azahar, na tsaya har ƙafata ta gaji. Ban sani ba ko hutawa ta yi, ko nisa ta yi.

Yanzu ga inda aka tsaya. Cikin sittin da biyu, ruwa ya ci ashirin, an mayar da ashirin da uku. Saura goma sha tara, goma sha huɗu daga ciki na mata ne, ba wanda ya zo ya kira su. Akwai mai turmi da aka ɗaure da ƙarfe, akwai mai tulu biyu a kife, akwai mai mazari. Wasunku da suke saurare sun gane nasu tun kafin in gama faɗa. Jan ruwa zai dawo da damina, ba ya kuwa jiran wasiƙa.

Saboda haka nake roƙonku, da girman zumunci da haƙƙin waɗanda suka haife mu, duk macen da uwarta ta taɓa sa mata wani suna a kunne, ta zo da shi gida kafin ruwan farko ya sauka. Wadda tsufa ya hana, ta ba 'yarta ta turo ta. Mazanku su ba su hanya, kada a goranta wa kowa, domin wadda ta fara tsayawa tana zaune a gabanku, ni ma da na rubuto jikan Dommo ne. Masauki yana gidana, Saini da daginsa suna nan. Abin da ya rage haɗin kanku ne, shi nake nema daga babbanku da ƙaraminku.

Allah ya jiƙan na tudu da na ƙasan goriba, da waɗanda suke cikin ruwa.

Ɗan'uwanku,
Sumana ɗan Tinni, ɗan Dommo 'yar Folpowa